Sadakar Ranar Asabar

Shamsiyya 'ya'ya biyu gare ta, amma wanda ya bi hotunan da ke cikin wayarta zai rantse ɗaya ta haifa. Umair ne ko'ina. Ga shi a cikin baho, ga shi hular salla ta rufe masa ido, ga shi ya kumbura kumatu yana hure kyandir huɗu a kan wani kek mai siffar mota. Babbar kuwa, Firdausi, sai an yi sa'a ake tsintar gefen hijabinta a bayan hoton wani. Ba ƙi ba ne. 'Yar fari ce, Shamsiyya kuma a gidan da ake kunyar ɗan fari ta tashi, ta zo ta yi aure a gidan da ya ninka nasu. Shekara bakwai ke nan ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunan yarinyar ba. In tana kusa "ke" ce, in tana nesa "yarinyar nan".

Ranar da aka yaye Firdausi aka ɗauke ta aka kai ta Mandawari wajen kakarta 'Yardada, mahaifiyar Auwalu mijin Shamsiyya, wai ta yi sati biyu ta manta da nono. Har yau sati biyun bai cika ba. Su Shamsiyya suna zaune a Kabuga, tafiyar da ba ta kai rabin awa a adaidaita sahu ba, suna zuwa gaisuwa duk bayan mako biyu ko uku. Yarinyar tana kiran kakarta Inna, tana kiran wadda ta haife ta Anti, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin gyara a ciki.

Maganar ta taso ne ranar da suka je barka da salla. Firdausi ta ɗauki wayar Anti tana kallon hotuna a lungun ɗaki, ta daɗe a kan na kek ɗin motar nan, sannan ta ajiye wayar ta fita. Sai can da aka cika tsakar gida ana cin waina, 'Yardada ta kawo labarin tana dariya har tana dafe ƙirji.

"Kun ji mini ja'irar yarinya. Yanzu ta same ni a madafi, wai ita ba a haife ta da rana ba ne? Ta ga an yi wa ƙaninta wannan abin na 'yan boko. Na ce ke tafi can, a watan azumin tsofaffi aka haife ki, ina ɗauke da azumi a bakina aka zo mini da albishir. Sai ta ce to me ya sa ita ba a kunna mata wuta. Na ce ke tukunya ce da za a kunna miki wuta?"

Aka kwashe da dariya. Shamsiyya ma ta yi, kanta a sunkuye, daidai gwargwadon da ya kamaci suruka. Amma da suka shiga adaidaita za su koma gida, maganar ta ƙi barin ranta. Ta san ranar sarai. Sha biyu ga Afrilu ce, da hantsi, ana wani irin zafi da ko fankar asibiti ta gaza. Duk shekara da ita take farkawa, ta yi wanka, ta yi girki, ta kwanta ba ta faɗa wa kowa ba. Ita a zatonta yarinya ba ta lura da irin waɗannan abubuwa. Ashe tana lura, lissafi ma take yi.

Da safe ta gwada taɓa Auwalu da zancen yana goge takalmi zai fita kasuwa. Bai ko ɗago ba.

"Ni ma ai ɗan fari ne," ya ce. "Har yau Inna 'wancan' take ce mini, ga ni da gemuna ban rame ba. In za ki yi mata wani abu ki yi, amma kada ki jefa ni a bakin Inna."

Saura kwana goma ranar ta zo, kuma Asabar ta faɗo. Shamsiyya ta iya kek, wannan ba a ja da ita, matan layinsu har roƙonta suke yi. Matsalar ita ce babban kek da suna yake tafiya. Sai an rubuta sunan mai shi a sama, ɓaro-ɓaro, kowa ya karanta. Ta ɗauko irin wannan ta ratsa zauren gidan surukanta da shi, ai gara ta ɗauko maroƙi ya shelanta wa Mandawari cewa matar Auwalu ta zubar da kunya. Tana cikin wannan tunani ta ci karo da wata mata a waya tana koya kek mai tsinke: a gasa kek, a marmashe shi, a cura ƙanana, a soke kowane da tsinke, a tsoma a cakulan. Babu wurin rubuta suna a jiki, babu wurin kafa kyandir. Ta kalli bidiyon sau shida, ta ga kamar don ita aka ƙirƙiro abin.

Dabararta mai sauƙi ce. Za ta yi guda talatin. Ashirin da uku za su zama baƙaƙe da cakulan zalla, bakwai kuma za ta barbaɗa musu 'yan ƙwayoyin sukari masu ruwan hoda. In yara sun taso daga Islamiyya za ta tara na maƙwabta a tsakar gida ta raba musu baƙaƙen, sannan ta tura wa yarinyar nan masu ruwan hodar gabanta, kamar su ne suka rage. Yarinyar da ta iya lissafin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba, za ta iya ƙirga bakwai. Ba sai an ce komai ba.

Ranar Asabar ta gasa kek ɗin tun da sassafe a gida, ta bar shi ya huce. Sauran aikin dole sai a can, don cakulan ba zai jure zafin hanya ba. Ta zuba ƙanƙara a kula, ta haɗa tsinkaye da bota da madara a leda, ta riƙo hannun Umair. Mai adaidaita ya sauke su a bakin titi, suka shiga lungu da ƙafa, suna kauce wa kwata da masu babur, har zauren da ƙofarsa ta sha fenti kore.

'Yardada tana zaune a inuwar rumfa tana tsince wake. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaurin damtse, wadda ta yi shekara arba'in tana yi wa amaren cikin gari alkaki da nakiya na gara, har yanzu kuma in aka kawo na wani wuri sai ta gutsura ta taɓe baki. Shamsiyya ta durƙusa ta gaishe ta, aka tambayi mutan gida, aka tsokani Umair da cewa miji ya zo hannu rabbana. Firdausi tana Islamiyya, sai la'asar za a tashe su.

Shamsiyya ta shimfiɗa tabarma a gefe, ta wanke hannu, ta juye kek ɗin a babbar roba. Ya tashi ya yi kyau, samansa ja, ƙamshinsa ya cika gidan. Sai ta sa hannu biyu ta fara ragargaza shi.

'Yardada ta ajiye faifan waken.

"Ke lafiyarki? Ki ɓata ƙwai da bota ki gasa abu ya yi kyau haka, sannan ki zo ki mai da shi tsaki?"

"Haka ake yin sa, Inna."

"Wa ya ce?"

"A waya na gani."

"To, waya," in ji tsohuwar, ta koma kan wakenta, amma idonta bai bar robar ba.

Shamsiyya ta zuba bota da ɗan madara, ta murza har ya haɗe jikinsa, ta fara curawa. A nan ne asirinta ya tonu. Matar cikin bidiyo da wani ɗan cokali take aunawa, ita kuwa da ido take yi, sai wannan ya fito kamar ƙwan zabo, wancan kamar goriba. 'Yardada ta yi haƙuri har guda huɗu. A na biyar ta kasa.

"Matsa nan. Ashe fura ce ta 'yan gayu, da kin faɗa tun ɗazu."

Ta wanke hannu, ta janyo robar gabanta, ta tattara huɗun nan ta mayar cikin sauran. Ta gutsuro, ta juya tafin hannu sau biyu, ta ajiye. Ta sake gutsurowa. Kafin Shamsiyya ta gama hura gawayi, ga curi talatin da ɗaya a jere a kan tire, kansu ɗaya kamar an auna da sikeli. Aka rufe su aka ɗora a kan ƙanƙara su yi tauri.

Sai da hannunta ya huta bakinta ya samu sarari.

"To wai duk wannan wahalar ta mece ce?"

Shamsiyya ta zo da amsa a shirye tun daga gida. Za ta ce gwaji take yi, ko za ta fara na sayarwa. Amma da ta ɗago ta ga idon tsohuwar a kanta, sai ta tuna wa take shirin gaya wa haka. Macen da ta ci abinci da sana'ar zaƙi shekara arba'in za ta tambayi kuɗin fulawa, ta tambayi wa zai saya, ta bi ƙaryar har inda ta ƙare. Sai ta kama abin da ya fi kusa da bakinta.

"Sadaka ce, Inna."

Fuskar 'Yardada ta saki nan take.

"Ranar Asabar?"

"E, haka dai na yi niyya."

"Madalla. Kowace rana ta Allah ce. Allah ya karɓa, ya kai ladan inda aka nufa."

Ba ta kawo komai a ranta ba, kuma ba laifinta. A lissafinta Firdausi ta cika shekara bakwai tun watan azumin tsofaffi, kusan wata uku da suka wuce. Afrilu a wurinta sunan da ake ji a rediyo ne kawai.

Daga nan aikin ya samu daraja. Tsohuwar ta kori kaji daga wajen, ta sa aka ɗauko tasa sabuwa daga cikin ɗaki. Da Umair ya lallaɓo ya ɗaga murfin kula, ta doke masa bayan hannu.

"Kai, miji, ba a cin sadaka a gida. Ta mutane ce."

Shamsiyya ta ji wannan magana da kunnenta. Sai dai a lokacin cakulan ya fara narkewa a tasar da ta ɗora a kan tukunyar ruwan zafi, matar bidiyo kuma ta yi gargaɗin cewa ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki an yi asara. Ta ce a ranta ai ita za ta yi rabon da hannunta, ta ci gaba da juyawa.

Na farko bai yi ba. Ta soka tsinke, ta tsoma, tana ɗagowa curin ya zame ya faɗa cikin tasa. Ta tsamo shi da cokali ya tsage gefe guda, cakulan ya taru masa a ƙasa kamar tabo. Ta jefa shi a wani ɗan kwano ta kife faifai a kai don kada tsohuwar ta samu abin faɗa. Sai ta tuna ashe ana fara tsoma bakin tsinken a cakulan kafin a soka, a bar shi ya kama. Na biyu ya zauna daram. Na uku ma haka.

Sai kuma wurin kafa su ya zama aiki. In aka kwantar da su gefe ɗaya zai baje, ita kuma ta manta da farin soson kwali da ta tanada a gida. Ta tsaya da tsinke uku a hannu tana waige-waige. 'Yardada ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da faffaɗan kwano cike da gero, ta dire a gabanta. Shamsiyya ta soka tsinken a ciki, ya tsaya cak.

"Wayar ba ta gaya miki wannan ba ko?" in ji tsohuwar.

Haka suka yi ta yi, ɗaya na tsomawa ɗaya na kafawa, zufa na bin wuyansu. Bakwai na ƙarshe Shamsiyya ta ɓata musu lokaci fiye da sauran. Ta barbaɗa musu ruwan hodar a hankali tana juya tsinken, ta tsince ƙwayoyin da suka taru wuri ɗaya, ta kafa su a tsakiyar kwanon. Aka ɗora kwanon a kan ragowar ƙanƙara a cikin inuwa. Ko 'Yardada sai da ta karkata kai ta ce ba laifi.

Ana kiran la'asar aka yi sallama a zaure. Firdausi ta shigo da jakar littattafai a kafaɗa, siririya, hijabinta ya yi mata yawa, goshinta irin na uwarta sak, abin da kowa yake gani ba wanda yake faɗa. Ta cire takalmi, ta gaida Inna, sannan ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Anti, ina wuni."

"Lafiya," in ji Shamsiyya, tana gyara wa Umair wuyan riga wanda ba abin da ya same shi.

Ta gefen ido ta ga yarinyar ta hango kwanon. Ta ga ta tsaya, bakinta ya ɗan buɗe, idonta ya tafi kan na tsakiyar nan. Ba ta tambaya ba, ba ta matsa ba, ta wuce ta rataye jakarta a ƙusa. Daɗi ya kama Shamsiyya har ta ji kunyar kanta. Ta yanke cewa da ta idar da salla za ta sa a kira yaran maƙwabta.

Umair ne ya ja mata lokaci. Ya samu tasar cakulan da aka ajiye a gefe ya yi wanka da abin da ya rage a ciki, tun daga gira har gwiwa. Ta ja shi bayi yana ihu, ta cuɗe shi, ta canza masa kaya, ta wanke rigar don kada ta kama. Sannan ta yi alwala ta shiga ɗakin ciki ta yi salla. Duka-duka bai fi minti ashirin da biyar ba.

Da ta fito, kwanon geron yana nan a kan ƙanƙara. Babu tsinke ko ɗaya a ciki, geron ma ya koma ya rufe ramukan.

"Na ga rana ta juyo tana neman narka miki su," in ji 'Yardada daga kan dardumarta, carbi a hannu. "Na ce yarinyar ta yi maza ta kai tun suna da kyan gani. Na jera mata a tire, na lissafa mata gidajen. Sadaka ba ta son jira."

Shamsiyya ta tsaya riƙe da hijabinta. Ta ji kamar ta zura takalmi ta bi lungu da gudu. To ta ce wa ya aike ta? Matar Auwalu ce za a gani tana tsere a Mandawari tana ƙwato sadakar da ta fita? Kuma ko ta hango yarinyar daga nesa, da wane suna za ta tsayar da ita?

"To, Inna," ta ce. "An gode."

Ta janyo kujera 'yar tsugunno ta hau wanke-wanke. Ta wanke robar, ta wanke tasar, ta wanke tukunyar da ruwa kawai aka dafa a ciki. Tsohuwar kuwa hira ta zo mata.

"Ai ni wajen aike ba ni da haufi a kanta. Ko ƙwayar gyaɗa kika ba ta ta kai wani gida, haka za ta kai ta. Tun tana shekara huɗu na raba ta da wannan. Na aike ta da alkaki ta gutsuri gefe, ranar ta gane kurenta. Yaran yanzu kuwa, ki aiki yaro da nama ya dawo yana sakace."

"Haka ne, Inna."

Shamsiyya ba ta taɓa roƙon Allah ya sa wani yaro ya ci amanar aike ba sai ranar. Tana cuɗa tukunya tana roƙo a zuci. Guda ɗaya kawai. Ta laɓe a wani zauren ta cinye, ta goge baki, ba wanda zai ƙirga.

An fi rabin awa kafin a ji sallamarta. Ta shigo da tiren a kife a gefenta, fuskarta sharkaf da zufa. Babban yatsanta na dama ya yi baƙi da cakulan da ya narke, ta ɗaga shi sama nesa da hijabinta. Ta ajiye tiren, ta ɗauki buta ta wanke yatsan tas, sannan ta zo ta durƙusa gaban kakarta don ta ba da bayanin aike, kamar yadda aka koya mata.

"Gidan mai unguwa sun ce an gode, Allah ya karɓa. Gidan masu ɗinki ba kowa sai tsohuwar, na ba ta uku. Masu ruwan hodar na kai gidan Malam Isiyaku duka, tunda sun fi kyau."

"Kin kyauta," in ji 'Yardada. "Malam ne ai."

"Baba Hajo ta ce wai sadakar mece ce haka mai tsada."

"Hajo da tambaya. Kika ce mata me?"

"Na ce ina jin ta Umair ce."

Ta faɗe shi ne yadda ta faɗi sauran, ba fushi ba ƙorafi, ta miƙe za ta ɗauki tsintsiya don lokacin sharar yamma ya yi. Wannan ne ya fi yi wa Shamsiyya ciwo. Da kuka yarinyar ta yi, da ta san yadda za ta yi da shi.

Hannunta da sauran kumfa ta ɗaga faifan nan da ta kife. Na farkon yana nan a ɗan kwanonsa, a tsage, ba tsinke, cakulan ya daskare masa a gefe ɗaya. Shi kaɗai ya tsira, don ba wanda ya san da shi. Ta ɗauraye hannu, ta goge a zaninta, ta ɗauko shi. Ta buɗe baki za ta ce "ke", sai ta ji kalmar ba za ta iya ɗaukar abin da take son ɗora mata ba. Ta rufe bakin. Ta sake buɗewa.

"Firdausi."

Muryar ta fito kamar ta wanda ya tashi daga barci.

"Na'am, Inna," in ji yarinyar, ta juya wajen kakarta.

Carbin 'Yardada ya tsaya. Ta dubi surukarta, surukar ba ta sunkuyar da kai ba, karo na farko tun da aka kawo ta gidan. Kunya ta rufe Shamsiyya har kunnuwanta suna zafi, amma ta riga ta fara.

"Ni ce na kira ki. Zo."

Firdausi ta jingine tsintsiyar. Ta zo a hankali kamar mai tsammanin faɗa, ta durƙusa. Shamsiyya ta miƙa mata curin, yarinyar ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Wane gida zan kai, Anti?"

"Ba ko'ina. Yau sha biyu ga Afrilu, yau kika cika shekara bakwai. Da hantsi aka haife ki. Duka talatin ɗin naki ne, ni ce ban faɗa ba."

Yarinyar ta dubi abin da ke hannunta. Ta dubi tiren da ke jingine a bango. Sannan ta juya ta dubi kakarta, don a gidan nan ba ta taɓa kai wani abu baki ba sai an ce ta ci.

'Yardada ta dubi carbin da ke hannunta. Ita ma ta haifi ɗan fari, ta kuma san ranar da ta haife shi, Talata ce ana ruwan sama. Ta tattara carbinta, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta naɗe darduma.

"Wannan zafi," ta ce da bango. "Bari in ɗan kishingiɗa."

Ta shige ɗaki ta saki labule. A wajenta ta yi iyakar abin da za ta iya: ta kau da idonta, ta bar musu tsakar gidan.

Firdausi ba ta san haka ake ba da izini ba. Ta tsaya a durƙushe, hannu biyu a haɗe, idonta a kan labulen tana jira a yi magana daga ciki. Shamsiyya ta ce mata ta ci. Ta ce to, amma ba ta juyo ba, cakulan ɗin kuma ya fara narkewa yana bin tsakanin yatsunta.